Wa ke yanke min wayar moto?

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai ƙarar Baba Ilu, gardin lakwal ɗinmu, wato mai gadin makarantarmu a Waca, wurin darakta ba.

Ni gajere ne (kuma ba siriri ba, gara in faɗa da bakina). Da na sayi moto, wato babur, ƙafata ba ta kai ƙasa sai da ɗage, don haka na kai shi Magariya bakanike ya rage masa tsayi ta baya. Na dawo ina ta hura hanci.

Kwana huɗu fitilar baya ta mutu. Na leƙa ƙarƙashin marfin tayar baya, sai ga waya a tsinke. Na haɗa, na naɗe da roba. Bayan sati ta sake tsinkewa, a wurin dai. Na sa hannu na auna: tsakanin waya da taya yatsa uku ne cur. To wa ke taɓa ta? Nan zuciyata ta ce min, kai, da hannun mutum.

Baba Ilu na fara zargi, don na taɓa yi masa faɗa kan awakinsa da ke shiga aji. Ina koyarwa, idona na kan taga. In ya ratsa kusa da moton, in ce ka gani! In ya gaishe ni da fara'a, in ce munafunci ne. Har wuƙar da yake gyaran asawaki da ita na sa wa ido.

Da ta tsinke a karo na uku na tafi wurin darakta na ce a kore shi. Tsoho mai iyali fa, aikin nan kaɗai gare shi ban da gona.

Aka kira shi gaban malamai. Bai yi musu ba. Ya je wurin moton ya durƙusa ya leƙa, ya daɗe, sannan ya kira ni yadda ake kiran malamai maza a nan, ya ce, "Mushe, hau."

Na hau. Moton ya yi ƙasa, fuu.

"Darakta, zo ka gani."

Taya ta manne da wayar. Ya ce in sauka, sai ga yatsa ukuna sun dawo. Ya ce in sake hawa (wallahi da gangan ya yi, don kowa ya samu gani). Malama Hadiza sai da ta dafa bango don dariya.

"Ɗana," in ji Baba Ilu, "ga mai yanke maka wayar nan zaune a kai."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi da kansa ya zare wayar daga tsakiya, ya bi da ita ta gefen ƙarfen moton, ya ɗaure tam inda taya ba ta kai. Na ba shi haƙuri.

Yanzu in abu ya lalace a hannuna, kafin in nemi maƙiyi, sai na fara duba ko ni ne na zauna a kai.