Ranar da Kujerar Rifkatu Ta Tashi da Ni

Ba zan taɓa mantawa da ranar godiyar sabon gidan Rifkatu a Kafanchan ba, ko da na so in manta. Tare muka yi kwaleji a Gidan Waya, kuma na fi ta ƙoƙari nesa ba kusa ba. Amma yau ita ce matar likita, wanda ya dawo daga Ingila da wata irin jaraba ta tara tsofaffin kujerun Turawa.

Ni fa ba a daɗe ba na sayi sabon kushin, 'yan zumuntar mata suka zo gidana suka zauna a kai, ba wadda ta yaba shi. Amma muna shiga falon Rifkatu sai suka kewaye wata 'yar siririyar kujera mai lanƙwasassun ƙafafu, hannuwanta a naɗe kamar ƙahon rago. Har da jan zare aka gitta mata.

"Kujeran nan ya girme kakan kakanmu," in ji Rifkatu tana shafa ta. "Kallo kawai ake yi, ba a zama."

Zuciyata ta yi zafi kamar na tauna ɗanyar cittar Kwoi. Na ɗaga murya na ce, "Kujera ai kujera ce. Irin wannan a ƙauyenmu kaji ke kwana a kai." Na kwance zaren na zauna (cusa kaina na yi, in faɗi gaskiya, don kuwa Allah bai rage ni ta baya ba). Har da ɗora ƙafa kan ƙafa.

Sai Fasto ya ce, "Mu tashi mu yi addu'a."

Na tashi. Kujera ta tashi tare da ni.

Na tsaya a duƙe, ƙafafunta huɗu na nuna bango. Fasto bai kai rabin addu'a ba dariya ta ƙwace masa. Likita ya rugo yana cewa, "Madam, don Allah kar ki motsa!" Na zaci tausayina yake ji, ashe ta kujerarsa yake. Da wata ta ce a kawo manja, saura kaɗan ya yi kuka.

Mata biyu suka riƙe hannuwana, shi ya riƙe kujera, aka ja. Na fita. Zanena bai fita ba.

Rifkatu ce ta yi sauri ta rufe ni da mayafinta, tana cewa, "Ba komai, 'yar'uwa." Wannan kirkin nata ya fi komai ƙona mini rai.

Har gobe hassada takan kama ni a gidajen mutane. Sai dai yanzu a tsaye nake yin abata, kusa da ƙofa.