Rasuwar Kawu Gurnani, Injin Iskan Tsohon Direba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gida mai cike da shirun da ba a saba da shi ba, iyalan Tsohon Direba na sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa turo keke a sa masa iska, rasuwar injin iskansu, wato kwamfuresan da yara ke kira Kawu Gurnani. Ya cika ne kwanakin baya, da hantsi, a ɗakin aikin da ke bayan gida, yana tsakiyar fesa wa wata ƙofa fenti. Ƙofar na nan jingine, rabinta shuɗi, rabinta katako, ba a iya samun wanda zai gaya mata ba.

Marigayin ya shigo gidan ne a shekarar da Direba ya ajiye tuƙin manyan motoci ya koma haɗa kujeru da gyaran ƙofofi. Ranar da aka je zaɓensa, mai shago ya yi ta jero tambayoyi: fenti za a yi da shi ko buga ƙusa, babban tanki ake so ko ƙarami, mai shan mai ko wanda ba ya sha. Direba bai amsa ko ɗaya ba. Ya sa aka riƙa kunna injinan, yana ɗora tafin hannu a bayan kowanne kamar mai duba zazzaɓi, har aka zo kan wani jan inji da ya girgiza gwangwanayen kan kanta, ya kori kyanwar shagon zuwa titi. Shi ya ɗauka. Dalili kuwa, iyalan sun ga ya dace a faɗe shi a nan: shekarun da Direba ya yi zaune a kan injin mota sun tafi da kunnensa ɗaya, ɗayan ma ya fara haɗa kaya, shi kuma mutum ne da bakinsa bai taɓa iya furta "me ka ce?" ba. Tun da Kawu ya shigo, asirinsa ya rufu. A gaban Kawu kowa kurma ne.

Marigayin ya yi rayuwa ta hidima. Bai taɓa raina taya ba, ta baro ce ko ta motar baƙi. Ya hura ƙwallon yaran layi, ya kaɗe ƙurar katako daga aljihun maigidansa, ya taɓa busar da kaza da ta faɗa bokiti, kazar kuma ta rayu, ko da yake ba ta ƙara yarda da kowa ba. Yakan fara da tari, "tuf, tuf, tuf," ya zarce da "gurrrrr" har cokulan kicin su kama rawa, in cikinsa ya cika ya saki ajiyar zuciya, "fsssss," irin ta dattijon da ya gama faɗin gaskiya. Babbar baiwarsa ita ce sanin lokaci. Da zarar inuwar mutum ta faɗo a bakin ƙofa, yatsan Direba kan taɓa bindigar fenti, iska ta ragu, Kawu ya tashi da kansa. Daga nan sai Direba ya nuna shi da haɓa, ya buɗe hannuwa, baƙo ya yi ihun saƙonsa a kunne, kowa ya tafi da mutuncinsa.

Jinyar ta faro ne da yoyo. Allurar agogonsa na auna iska ta daina kaiwa inda ta saba, ya riƙa tashi ba a taɓa shi ba, yana nishi ba ya ƙoshi. Makanike ya canja masa bel, ya ba shi sabon mai. Mai walda ya ƙwanƙwasa cikinsa, ya saurara, ya kwanta a ƙasa ya murɗa wani ɗan famfo da ke ƙarƙashin tankin, wanda ashe an yi shi ne don a riƙa zubar da ruwan da iska ke tarawa. Ba wanda ya san da zamansa. Abin da ya fito jan ruwa ne mai kauri, ya cika kwano ya nemi ƙari. Duk shekarun nan marigayin na ɗauke da wannan a cikinsa, tsatsa na cin sa, bai gaya wa kowa ba. Mai walda ya ce tankin iska ba a yi masa faci, ya karkaɗe wandonsa, ya yi wa iyalan gaisuwa.

Ya rasu ya bar bindigar fenti, wadda har yanzu ba ta ci komai ba. Da bindigar ƙusa. Da doguwar tiyo mai ɗaurin roba a gwiwa, wadda ke naɗe a ƙusa tana takaba. Da ƙofar da aka ambata. Ya kuma bar Direba, a tsakiyar shiru.

Kwanakin zaman makoki ba su zo wa Direba da sauƙi ba. Ya zauna a kan bencin aiki yana kallon leɓunan mutane, yana amsa "amin, amin" ga duk abin da aka ce. Da amin ya ba maƙwabci aron tsani. Da amin ya yarda a yi wa falo fenti ruwan hoda.

Sai ga surukinsa, mijin babbar 'yarsa, mutumin kirki mai yawan bincike a waya, ya iso da magaji a bayan mota: wani farin inji mai tsabta, irin wanda aka ce ko jariri na barci a gefensa ba zai motsa ba. Aka taru a ɗakin aiki. Suruki ya jona shi, ya danna. Injin ya kama aiki da ɗan gunaguni kamar firiji, allura na hawa. Direba ya harɗe hannuwa a baya, ya jira, ya ƙara jira.

"To, kunna shi mana," in ji shi.

Suruki ya dubi matarsa. Matar ta buɗe baki, idonta ya kawo ruwa. Kafin ta ce uffan, Inna, maiɗakin Direba, ta ratso tsakaninsu ta fizge wayar injin daga bango.

"Ai gaskiyar Babanku ne," ta ce da ƙarfi. "Wannan inji ne ko munafuki? Abin da zai yi aiki a gidana ban ji motsinsa ba? Gobe sai ya kwashe maganarmu ya kai maƙwabta. Ɗana, Allah Ya yi albarka, mayar musu da kayansu, ka ce mai murya muke so."

Suruki ya ce, "Inna, an ce fa wannan ya fi..."

"An ce. Ni kuma na ce."

Direba ya gyaɗa kai, ya ce shi ma tun da ya ga launinsa jikinsa bai ba shi ba.

Za a yi jana'izar gobe da safe in Allah Ya kai mu. Za a ɗauki marigayin a baro, wanda shi ya sa wa tayarsa iskar ƙarshe, daga ɗakin aiki zuwa wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa da ke ƙarshen layi. Ba a buƙatar masu kuka. An riga an yi ƙarar da ta isa. Daga can Direba da Inna za su wuce shago zaɓen magaji, kuma a wannan karon za a fara da tambayar inda ɗan famfon yake. A hanyar dawowa za su biya wurin likitan kunne, saboda Inna ta ce zama da marigayin ya lalata mata ji, kuma ba za ta iya zuwa ita kaɗai ba. Direba ya yarda ya raka ta. Ya ce dama ya daɗe da lura, kawaici ne ya hana shi faɗa.

Ana karɓar gaisuwa a gida bayan sun dawo. Iyalan na roƙon masu zuwa su tsaya ta hagun Direba, su ɗaga murya kamar marigayin na aiki, kuma kada kowa ya ambaci abin da ya kai Inna asibiti, don ba ta son a sani.