Maganar Kara a Zauren Hedimasta

Ko tsufa ya kwashe mini haƙora, ba na jin zan manta da ranar da na tashi takanas na je Zurmi na koya wa surukina Hausa. Lokacin ma bai zama surukin nawa ba tukuna, kuma a nan tashin hankalin yake.

Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a Kaura Namoda, kuma ina da wata cuta: ba a faɗin kalma a gabana in bar ta ta wuce lafiya. Ka ce "mutunci", sai na tare ka da tambayar me ya raba shi da daraja. Abokaina na majalisa har sun daina kirana da sunan yanka, sai dai "Ma'ana". (A baki ina nuna ba na so, amma a zuci daɗi nake ji, wallahi.)

To, ina neman auren Sa'adatu. Manyana sun je Zurmi, an karɓe su da mutunci, aka ce su koma za a yi shawara. Shiru, shiru. Ga shi na samu labarin wani mai harkar shanu daga Shinkafi shi ma ya turo nasa manyan, mutumin da ko takalminsa ya fi mashin ɗina kyau. Mahaifinta kuwa tsohon hedimasta ne, irin dattawan nan da ba su da yawan magana, amma in suka dube ka sai ka ji kamar ba ka yi aikin gida ba.

Ana cikin haka, bayan an gama yankan dawa, sai ga saƙonta a waya: "Baba ya ce ka zo ran Asabar, za ku yi maganar kara."

Na karanta, na sake karantawa, na ce shi ke nan, jarrabawa ce. Hedimasta ya ji malamin Hausa ke son 'yarsa, yana so ya auna ni da kalma mai nauyi: kara, wannan halin na Bahaushe da kowa ke yabo amma ba kowa ke iya fayyace shi ba. Da na kira ta na ji daga bakinta, da an huta. Amma ina! Ma'ana guda zai tambayi ma'anar saƙo? Sai na duƙufa shiri. Ina wanka ina bita, ina kan mashin ina bita, har na kusa afka wa wani keke napep a bakin kasuwar hatsi.

Ran Asabar na yi sammako, don hanyar Zurmi ba a son yamma ta riske ka a kanta. Na iske Hedimasta a zaure tare da wasu dattawa, cikinsu har da amininsa Baba Bawa, wanda kunnensa ya ɗan yi nauyi, shi ya sa in zai yi magana kamar yana kiran wani a gona. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, aka gaisa.

"Saƙona ya iske ka?" in ji Hedimasta.

"Ya iske ni, Baba. Na kuma shirya."

"Madalla. To, mi ka gani?"

Jama'a, mai neman aure a gaban uban yarinya, abin da aka sani shi ne ya sunkuyar da kai, ya yi ta wasa da bakin tabarma. Ni kuwa sai na gyara murya na ce, "Baba, kafin mu gane ta, sai mun raba ta da 'yan uwanta biyu, wato kunya da kawaici."

Na ga girarsa ta ɗan ɗaga. Na ce a raina, yawwa, na burge shi.

Na shiga zuba. Na ce kunya, kanka kake karewa kada ka zubar da girmanka. Kawaici, ka ga abu ka kau da kai kamar ba ka gani ba. Ita kuwa kara, ka bar abin da kake da ikon yi, ko ka ɗauki nauyin da ba naka ba, don kada wani ya muzanta. Na kawo misalin mai gida da baƙo ya iske shi da tuwo kwano ɗaya, ya ce shi ya riga ya ci. Hannuna har yana zane a iska kamar akwai allo. Hedimasta yana gyaɗa kai, yana cewa "Haka ne", har da jefo mini tambaya: ko ana yi wa na ƙasa da kai kara? Na ce sosai ma, na ƙara buɗe sabon babi. Da abin ya yi mini daɗi, sai na juya ga dattawan nan, sa'annin kakana, na ce, "Muna tare?" (Har yau in na tuna wannan "muna tare" ɗin sai na runtse ido.)

A nan ne Baba Bawa ya gaji. Ya karkato da kunne, ya ɗaga murya:

"Hedimasta, ni hwa ban gane ba. Yaron ga shina da karan ko bai da shi? Ba kai ka ce gonarsu ta dawa ce ba, ya kawo muna mu ja danga?"

Inna lillahi! Karan dawa! Nan take na sauke hannun da nake zane da shi a iska. Ni da nake koyar da karin sauti, nake dukan tebur ina gaya wa ɗalibai cewa kalmomin nan biyu a rubuce ne kawai suke tagwaye, a baki ɗaya muryarta sama take, ɗaya daga ƙasa take farawa. Na ga bakin wani dattijo ya soma rawa. Na ce shi ke nan, na ɗauki Sa'adatu da hannuna na miƙa wa ɗan Shinkafi.

Hedimasta ko murmushi bai yi ba. Ya dubi amininsa a natse ya ce, "Bawa, ka cika gaggawa. Ai duka biyun ana biɗarsu ga mai neman aure. Ya fara da mai wuyar samu, yanzu saura na danga."

Dattijon nan da bakinsa ke rawa ya haɗiye dariyarsa, har da cewa, "Gaskiya ne, mun ƙaru." Sannan Hedimasta ya yi mini bayani kamar ba abin da ya faru: damina ta kayar da dangar bayan gida, ana son a ja sabuwa, don mata su samu inda za su kafa tukwane, tunda girkin biki ba ya yiwuwa a fili.

Kun san me na ce? Wai, "Bikin wa, Baba?"

Wannan kam Baba Bawa ya ji ta sarai. "Kai, wanga yaro! Bikin wani za a sa ka ɗauko kara tun daga Kaura?"

"Ka gaida manyanka," in ji Hedimasta, "ka ce su dawo."

Ban san yadda na sa takalmina ba. Kafin mako ya zagayo na cika a-kori-kura da kara har tana rinjaya, na raka ta Zurmi da kaina, ban kuma yi wa kowa bayanin komai ba.

Yau muna da 'ya'ya da Sa'adatu, kuma bawan Allahn nan bai taɓa tayar da zancen ba, ko da wasa. Ita ce ta tona mini, bayan aure, cewa a ranar sai da ya tsaya a ƙofar zaure ya tabbatar ƙarar mashin ɗina ta ɓace, sannan ya shige ɗaki, ya turo ƙofa, ya yi dariya har da hawaye, har mahaifiyarta ta zaci ba lafiya ba.

Tun daga lokacin na rage tare mutane da tambayar ma'ana, saƙon waya kuma in bai fita ba, kira nake. In ɗalibi ya tambaye ni mece ce kara, ba na raba ta gida-gida. Cewa nake: ka ga wawa ya zo har zaurenka yana koya maka abin da ka fi shi sani, ka riƙe dariyarka sai ya tafi, sannan ka ba shi 'yarka.