Tekun Yallaɓai Tsari

Duk wanda Allah ya yi wa arzikin aiki a ƙarƙashin Daraktan Kula da Ma'aikata ya san irinsa ba a haifarsu kullum. Shi ma ya sani, yana kuma yawan tunatar da jama'a don kada a manta. Mutum ne mai son tsari. Biro uku ne a aljihunsa, jere bisa tsawo. Ba a shiga ɗakin taro sai ya fara sa ƙafa, ba a ɗaga kofin shayi sai nasa ya taɓa leɓe. Shi ya sa ma'aikata ke kiransa Yallaɓai Tsari a bayan ido. Ranar da sunan ya iso kunnensa sai ya ji daɗi, ya ce ashe yaran suna da hankali.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya: kujerar shugaban kwamitin sulhu da kamfani zai kafa. Shugabar kamfani ta ce za ta ba wanda ya iya zaunar da mutane lafiya. Yallaɓai ya so kujerar nan kamar ransa, har ya fara gwada sabon sa hannu a bayan ambulan. Amma takardar neman aiki kowa na iya rubutawa, shi kuwa ba kowa ba ne. Sai ya yanke shawarar kawo teku falonsa, ya zuba kifaye iri-iri su zauna lafiya a ƙarƙashin jagorancinsa, sannan ya gayyato Shugaba ta gani da idonta.

Ƙarti shida suka shigo da tankin gilashi mai tsawon ƙaramar mota. Aka fitar da doguwar kujerar da matarsa ta fi so, aka kai ta baranda. Wata guda ruwan gishiri yana zagayawa babu kifi ko ɗaya, domin matar da ke sayar da kifin ta ce sai ruwa ya zauna tukuna. Wannan ce shawararta ta farko da ya bi, ita ce kuma ta ƙarshe.

Ranar zaɓen kifi ya je shagon da kwat da ɗaurin wuya, matarsa na biye. Mai kifi, wadda ta yi shekara ashirin hannunta cikin ruwan gishiri, ta yi masa bayani dalla-dalla.

“Yallaɓai, waɗannan rawaya masu dogon baki su ake kira malam-buɗe-littafi. Ba su da faɗa. Su za ka fara sawa, biyu-biyu, su yi mako biyu su san gida. Wancan babban mai ratsin shuɗi, mala'ika ake ce masa, amma suna ne kawai. Shi ake sawa daga ƙarshe, don in ya riga kowa shiga, tankin duka ya zama nasa. Kada kuma ka haɗa biyu masu kama ɗaya. Sannan ka tara duwatsu da yawa, kowa ya samu maɓoya.”

Yallaɓai ya yi murmushin da yake yi wa sababbin ma'aikata, ya gyara wuyan kwat.

“Baiwar Allah, shekara ashirin da biyu ina sarrafa ɗan Adam, mai baki, mai ƙungiya, mai lauya. Kifi ne zai gagare ni? A ina kika taɓa ganin masinja ya riga darakta shiga ofis? Babba ke fara shiga! Kuma shugaba ba ya zama babu mataimaki, don haka a ba ni biyu, iri ɗaya, a ga haɗin kai. Batun maɓoya kuwa, duk ma'aikacin da ke neman maɓoya malalaci ne.”

Mai kifi ta dubi matarsa, matarsa ta dubi silin. A bakin ƙofa mai kifi ta damƙa wa matar tasa ƙaramar koma da lambar waya.

A gida Yallaɓai ya sa aka kwashe duwatsun duka, aka bar ɗaya mai faɗi a tsakiya, wai teburin taro. Ya saki babban kifin, ya raɗa masa suna Darakta. Mako guda Darakta yana sintiri daga bango zuwa bango, shi kuma mai gidan yana tsaye, hannu a baya, yana cewa a dubi tafiya, a dubi kwarjini. Da aka saki Mataimaki, Darakta ya tarbe shi da cizo a wutsiya. Yallaɓai ya ce wannan horaswa ce, shi ma haka aka yi masa.

Sai ƙananan ma'aikata, malam-buɗe-littafi guda shida. Ba su yi minti biyar a ciki ba suka cure a lungu ɗaya bayan bututun iska, sun ƙi motsi. Yallaɓai ya kira wannan ladabi. Aka zuba abinci suka ƙi fitowa, ya ce sun san babba ke fara ci. Launinsu ya dusashe, ya ce tawali'u ne. Gaskiya idan ana neman mai fassara, a nan aka tsaya.

Matarsa dai tausayi ya hana ta kallo. Ta kira mai kifi, aka kawo mata babbar roba da ƙaramin injin iska, ta kafa su a ɗakin ajiya. Duk wanda aka yage wa fiffike sai ta sa koma ta kwashe shi. Da Yallaɓai ya ƙirga ya ga saura biyu, ya tambayi ba'asi.

“Suna hutun rashin lafiya, Baban yara,” in ji ta.

Ya yi tsaki, ya ce zamani ya lalace, kowa ya tafi hutu ba tare da izini ba.

Asabar ɗin da Shugaba za ta zo, tun da hantsi ya soke hutun kowa. Matarsa ta roƙe shi, ta ce raunukan ba su warke ba. Ya ce ranar duba aiki ba a jinya. Da hannunsa ya juye su cikin tankin, ya goge gilashin da hankici. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Bayan azahar Shugaba ta iso da mutum biyu daga hukumar gudanarwa. Aka kawo shayi. Yallaɓai ya tsaya gaban tankin, ya juya masa baya, ya fuskanci baƙinsa.

“Ranki ya daɗe, abin da ke bayana ba kifi ba ne, darasi ne. Ga babba, ga ƙarami, ga mai ratsi, ga mai ɗigo, kowa ya san matsayinsa. Ba gardama, ba ƙorafi, ba yajin aiki. Masu sana'ar sun ce ba zai yiwu ba. Na ce musu abin da ya gagari ilimi ba ya gagarar tsari!”

Baƙin sun ƙura ido, sun manta da shayinsu. Yallaɓai ya ji sanyi a ransa, don bai taɓa samun masu sauraro irin waɗannan ba. Ya ƙara murya. A bayansa kuwa Darakta ya kori Mataimaki har saman ruwa, ya dawo ya tarwatsa ƙananan, ya bi ɗaya yana kai masa sara zagaye uku. Ruwa ya fantsamo ya jiƙa wa Yallaɓai ƙeya, sai a lokacin ya waiga. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta.

“Ranki ya daɗe, wannan shi ake kira motsa ma'aikata,” in ji shi.

Matarsa ba ta jira ƙarshen bayanin ba. Ta shigo da bokiti da koma, ta ce a gafarce ta, ta ratsa tsakanin mijinta da baƙinsa ta shiga kwasar marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, har da Mataimaki. Shugaba da kanta ta tashi ta riƙe mata bokitin. Da aka gama, ta daɗe tana kallon Darakta yana zagaya teburin taronsa.

“'Yar'uwa, shi irin wannan yaya ake yi da shi? Mayar da shi ake yi?” Shugaba ta tambaya.

“A'a, ranki ya daɗe. Mai kifi ta ce in ya girma haka ba ya sake hali, kuma ba mai karɓarsa. Sai dai a bar masa wurinsa shi kaɗai, a riƙa ba shi abinci a kan lokaci.”

Shugaba ta jinjina kai a hankali, ta yi godiya, ta ce yau ta ƙaru sosai. Yallaɓai ya raka su har mota, ya dawo yana ce wa matarsa ta ji da kunnenta, an ce an ƙaru.

Ranar Litinin takarda ta fito. Kwamitin sulhu an ba shugaban direbobi. Yallaɓai kuwa an ɗaga shi zuwa Babban Mashawarci na Musamman kan Tsare-tsare, muƙamin da aka ƙirƙira da safiyar ranar. An ba shi ofis a hawa na ƙarshe, gilashi ta ko'ina, tebur ɗaya a tsakiya, ba mataimaki, ba sakatare, ba masinja. Ana kai masa shayi sau biyu a rana, a kan lokaci. Masu wucewa sukan ɗan tsaya su gan shi yana sintiri daga bango zuwa bango, hannu a baya.

Ya shaida wa matarsa cewa tun da ya fara aiki bai taɓa riƙe sashen da aka zauna lafiya kamar wannan ba.