Ɗan Lele Ya Rasu a Hannun Wanda Ya 'Yanto Shi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kan da ya kasa ɗagowa, ni wakilin ɗaliban ajin ƙarshe nake sanar da rasuwar maikrokontirolan sashenmu, wanda muke kira Ɗan Lele. Ya rasu ranar Laraba da hantsi, a kan tebur na uku na ɗakin gwaji, bayan gajeriyar jinya ta daƙiƙa biyu.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, kuma su ne mafi yawa, ɗan allo ne shuɗi da bai kai tafin hannu ba. Akan rubuta masa umarni a kwamfuta, shi kuma ya kunna ko ya kashe abin da aka haɗa shi da shi. Shekara uku ya yi a kulle cikin kabad, a ledarsa, tare da ƙaninsa, wani allo irinsa. Ba a fito da su sai baƙi sun zo duba sashe. Mu kuwa muna zana hotonsa a takarda, muna cin jarrabawa a kansa, ana kiranmu injiniyoyi. Na faɗa a da, kuma ko yau ban janye ba: wannan ba karatu ba ne.

Ni na rubuta takardar koke har sau huɗu. Ni na tsaya a taron sashe na ce Baba mai makulli, dattijon da ke kula da ɗakin gwaji, ya mai da kayan koyo kayan ado. Aka yi mini tafi. Ranar Talata Baba ya miƙo mini marigayin da hannu biyu, ya ce, "Ɗana, kafin ka ba shi wuta, auna ta da mita." Na ce masa mun wuce nan.

Marigayin mai biyayya ne, marar girman kai. Da muka haɗa shi da kwamfuta ya ce "tilin", abokiyar aikina, wadda ta yi mako uku tana rubuta umarnin a littafi, ta rufe baki da hannu. Muka ce ya ƙifta fitilarsa, ya ƙifta. Muka sa masa 'yar ƙararrawa, ya ce "ƙit, ƙit, ƙit", ajin gaba ɗaya ya taru kamar an yi haihuwa. Burinmu shi ne ya riƙa kashe famfon tankin ɗakunan kwanan ɗalibai idan ya cika, domin kullum ruwa kwarara yake yi ana tsallakewa, ba mai cewa uffan.

Ciwon ajalinsa kuwa ni ne. Cikinsa na ɗaukar wuta biyar ne a ma'auni, famfo na cin goma sha biyu. Wannan yana shafi na biyu na takardar da ta zo da shi, wadda na ɗora kofin shayi a kanta. Abokiyar aikina ta ce in dakata ta ɗauko mita. Na ce irin wannan jan ƙafa ne ya hana mu ci gaba, na cusa wayar famfo a ƙafarsa. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce "tas". Sai siririn hayaƙi, sai wari. Baba ya tashi. Ya buɗe taga kawai. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ya rasu ya bar wayar haɗi ɗaya, fitilu shida, aikin da za mu kare a gaban malamai nan da kwana tara, da ƙani guda wanda har yanzu yake cikin leda. Saboda wannan ƙanin nake rubutu. Tun jiya na ji ana cewa, "Ai ga irinta nan, gara a kulle." Idan aka kulle, aikinmu ya mutu, 'yan ajin baya kuma za su fita kamar yadda muka kusa fita, ba su taɓa ganin fitila ta ƙifta da umarninsu ba. Ban yarda a binne su tare da shi ba. Buɗe kabad bai kashe Ɗan Lele ba. Gaggawata da bakina suka kashe shi.

Za a yi jana'iza ranar Litinin da ƙarfe goma a ɗakin gwaji. Ba za a binne shi ba. Za a kafe gawar a jikin allon sanarwa, a zagaye ƙonanniyar ƙafar da jan biro, ni kuma zan tsaya a gabanta in bayyana wa 'yan aji ɗaya abin da na yi, tun daga kofin shayi. A nan zan nemi gafarar Baba, da muryar da na yi amfani da ita a taron sashe.

Na je ofishinsa na roƙa a kawo ƙanin marigayin wurin jana'izar. Ya daɗe yana juya makullin a hannu, sannan ya ce zai kawo shi, har ya cire masa leda, bisa sharaɗi ɗaya: abokiyar aikina ce za ta haɗa wayoyi.

Ni aikina riƙe mita.