Ranar da Baffan Ango Ya Tambaye Ni Halin Saje

Laifina ne, ba sai an ja da ni ba, kuma ba zan taɓa mantawa da ranar da bakina ya kusa kashe auren 'yar maƙwabcina ba.

Keke napep nake ja a Azare. Maƙwabcin nawa soja ne, Saje muke ce masa. Tun da ya dawo daga bakin daga barci ya ƙaurace masa, ko murfin tukunya ne ya faɗi sai ya zabura. Likitocin soja suka duba shi, suka haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa a nan garin, suka ce ya riƙa zuwa da matarsa, don ita ma abin yana cin ta. Ni nake kai su. (Wai ya zaɓe ni ne don ni na gida ne, zan riƙe sirri. Allah sarki Saje.)

Ana nan aka zo neman auren 'yarsa Hauwa. Dangin yaron mutanen Gololo ne, suka turo baffansa ya yi bincike kamar yadda aka saba. Dattijo ne mai ɗingishi, ya same ni a ƙofar gida ina wanke keke.

"Malam, yaya ka san mutanen gidan nan?"

Da na ce mutanen kirki ne, da shi ke nan. Amma dattijo ya ce mini Malam, kaina ya kumbura. Na waiga hagu da dama, na rage murya.

"Baffa, yarinya ba ta da aibu. Uban ne dai, kai ya ɗan taɓu. Ni nake kai shi wajen likitan mahaukata. Har uwar ma."

Ya ƙare mini kallo. "Ƙofar nan mai koren benci, bayan inda ake karɓar magani?"

"Ita fa! Ashe ka san wajen."

"Na sani. Ni ma a kan bencin nake jiran layi. Tsohon soja ne ni. Da na je da wuri tare da matata kamar yadda maƙwabcinka ya yi, da har yanzu tana ɗakinta."

Soso na hannuna, ruwan kumfa na zuba a takalmina, na kasa ko matsawa. (Na ce masa "sannu da aiki". Har yau ban san wane aiki nake nufi ba.)

"Zan gaya wa mutanenmu gidan kirki ne," in ji shi. "Maƙwabci ne dai ba su yi dace ba."

An ɗaura aure. Baffan bai tona ni ba, abin da ya fi damuna ke nan. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni halin wani, sai in tuna nawa halin ake aunawa.

Bayan biki na sami Saje a zaure, na durƙusa.

"Saje, ka ba ni amana na kai ta titi. Na kira ka mahaukaci a gaban surukanka, alhali kai ka gane ciwonka ka nemi magani. Ni nawa a baki yake, ko nema ban yi ba. Don Allah ka yafe mini."