Ranar da Na Gyara Sarƙar Hajara

Ni mutum ne da ba ya son ganin abu a karkace. Shi ya sa ranar da matata Hajara ta tafi Sabon Wuse gaisuwa, ta bar sarƙarta ta gwal a gaban madubi, na ɗauka na ƙura mata ido. Ta marigayiya mahaifiyarta ce, kuma ita za ta saka a bikin ƙanwarta.

Sai na lura: ƙananan zobba uku, sai dogo ɗaya, uku kuma, sai dogo. Nan take na yanke hukunci cewa tsufa ne ya sa wasu suka miƙe. Har tausayin Hajara na ji, shekara da shekaru tana yawo da lalatacciyar sarƙa ba wanda ya gaya mata. Na ɗauko filaya, na zauna cikin natsuwa, na bi dogayen ɗaya bayan ɗaya na matse.

Da ta dawo na miƙa mata ina murmushi. Ta daɗe tana kallo.

"Abban Ummi," ta ce a hankali, "haka fa ƙirarta take. Don haka ma Inna ta zaɓe ta."

Maƙwabciyarmu Maman Chidi ta leƙo, ta ɗora hannu a ka. "Oga, me sarƙa ta yi maka?"

Maƙeri ya buɗe zobban, amma tabon filaya na nan har yau. Hajara ta yafe. Sai dai 'yarmu Ummi tana da wushirya, kuma duk sanda ta yi dariya a gabana, sai uwar ta ce, "Rufe bakinki, kar Abbanki ya gyara."